LITTATTAFAN DA SUKA DACE DA TABARMAR TSAKAR GIDA

Ya ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, musamman ku na ƙasar Boɗinga da Shagari, wata magana ce za mu yi da ku yau a kan littattafan hira, watau waɗanda ya kamata yaro ya ɗauka bayan sallar lisha, an ci tuwo an wanke hannu, ya karanta wa mutanen gidansu da babbar murya. Dalilin da ya sa muka tayar da maganar shi ne, mun lura ɗan makaranta ya kan shekara shida ko tara yana zuwa aji, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa jin ko da layi guda daga bakinsa ba. Ta dai ga ya ƙura wa takarda ido, bakinsa a rufe, ko kuwa ya sunkuya bisa wayar hannu. Wanda bai ji amfanin abu da kunnensa ba, wuya ne ya yarda yana da amfani. In ran nan uba ya ce yaro ya bar makaranta ya bi shanu, ko ya tafi fadama dashen albasa, kada a yi mamaki, domin ba a taɓa nuna masa abin da ake sayowa da waɗannan shekaru ba.

Ƙasarku kuwa ba baƙuwar karatun kunne ba ce. A Sifawa, nan kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815, kana ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kanta, yana karantarwa yana wallafa. Yadda ilimi ya yaɗu a wannan zamani, ai mutum guda ne ke riƙe da takarda, jama'a na saurare. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kan tsara waƙa ta koya wa jajis, su kuma su tafi ƙauyuka su rera wa mata 'yan taru, waɗanda yawancinsu ba su san baƙi ba. Saboda haka yaron da ya buɗe littafin boko ya karanta wa kakarsa, ba wata al'adar Turawa ya shigo da ita gida ba, tsohuwar hanya ce ya bi, takardar kaɗai ce ta sake.

To, amma ba kowane littafi ne ya dace da wannan aiki ba. Littafin ido daban, na kunne daban. Mai karatu shi kaɗai, in ya manta wane ne wane, sai ya juya baya ya duba. Mai saurare ba shi da wannan dama. In mutanen labari suka yi yawa, ko jimla ta yi tsawon da numfashi ba ya kai ta, sai ka ga ƙananan yara sun soma gyangyaɗi, tsofaffi sun koma zancen farashin gero. Kuma tabarma guda ce ta ɗauki kaka da jika da matar wa, abin da za a ji kunyar faɗa a gaban ɗayansu bai kamata a karanto shi ba. Da waɗannan ma'aunai muka auna littattafan da za mu ambata.

Yawancinsu sun fito daga tushe guda. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Dokta Rupert East ke shugabanta, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa ban da littattafan aji. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam John Tafida tare da shi East. Daga baya aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta sake buga su, shi ya sa ba safai za ka rasa tsohon kofi a akwatin wani malamin makaranta ba.

A ganinmu Magana Jari Ce shi ne na fari, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na biyu ba kaɗan ba ce. Ku dubi yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi shiri zai fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Watau shi kansa littafin hirar dare ce, an riga an yanka shi gunduwa-gunduwa daidai zaman dare guda. Mai karatu ba ya bukatar neman inda zai tsaya, marubucin ya rigaya ya sa masa alama. Ga kuma wata dabara: kowane labari ya ƙare a darensa, har ƙaramin yaro ya tafi barci da cikakken abu a kansa, amma maganar Musa da waziri tana nan rataye, ita ce za ta jawo manya su dawo gobe. A littafi na biyu sai aka mai da abin gasa tsakanin aku biyu, a na uku kuwa Waziri Aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Na ukun ya fi nauyi, labaransa sun fi tsawo, mun fi son a bar shi sai gida ya saba.

Abin da ya fi ginin ma daraja shi ne harshen. Malam Abubakar Imam da kunne ya yi rubutu. Jimlolinsa gajeru ne masu bin juna, aiki na bin aiki, ya tashi ya ɗauka ya fita ya tarar, kamar yadda gwanar tatsuniya ke yi. In ya sa mutum magana, kana jin ko bafade ne, ko alƙali, ko matar da ta ƙosa da mijinta, ba sai an gaya maka ba. Wannan shi ke ba mai karatu damar sake murya, ya yi ta sarki da nauyi, ta aku da zaƙi. Karin maganarsa kuwa ba ado ba ne da aka manna daga waje, sau da yawa labarin duka an gina shi ne don ya haifi karin maganar, har in an kai ƙarshe tsohon da ke gefe shi zai riga mai karatu faɗinta. Daren da haka ta faru, to littafin ya shiga gidan.

Akwai masu rage masa daraja da cewa labaran aro ne. Gaskiya ne, da yawa aro ne. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm, shi kansa akun mai tsare mutum da labari yana da kaka a littattafan Indiya. Labarin Kalala da Kalalatu, inda mata ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, kana ta tsorata baƙon ya gudu, ta ce wa miji shi ya sace su, asalinsa na Jamus ne. Labarin Sarkin Busa shi ne na mai sarewar nan da ya kwashe ɓerayen wani gari a Turai, aka hana shi ladansa. Amma ku gwada karanta wa kakarku Kalala, in kun gama ku ce mata Bajamushe ne. Za ta ce ƙarya kuke yi, ta san shi, a unguwarsu yake. Wanda ya ari zane ya rina shi har mai shi bai gane ba, ai ya yi aikin marini, ba na ɓarawo ba.

Duk da haka ba za mu ɓoye aibinsa ba, tun da ku ne za ku karanta shi a ƙauye. Malam Abubakar Imam mutumin fada ne da makaranta, kuma sau da yawa in yana neman wanda za a yi wa dariya, baƙauye ya kan jawo. Mata ma ba su tsira ba, makirci da kwaɗayi sun yi yawa a rabonsu. A aji, inda duk yara ne masu takalma, wannan ba ya ciwo. A tsakar gida kuwa, wanda ake yi wa dariyar yana zaune gabanka, shi ya noma geron da ka ci. Shawararmu ita ce yaro ya karanta labari shi kaɗai tun da rana, ya san abin da ke ciki, in ya ga zai taɓa wani sai ya tsallake zuwa na gaba. Littafin yana da labarai fiye da yadda damina guda za ta cinye, ba a rasa na musaya.

Karantawa tun da rana tana da wani amfani kuma, wanda malamai ba su cika faɗa ba. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna inda ake jan wasali. Gari na zama da gari na tuwo duk rubutu guda ne. Kuka na ido, da kuka ta miya, da kuka ta "ku kuka zo", haruffa huɗu ne ba bambanci. Mai karatun zuci ba ya jin tuntuɓensa, amma mai karatu a fili, in ya ce an kai gari kasuwa da muryar da ba ita ba, dariya za a yi masa, dariyar da ba marubuci ya shirya ba. Sai ido ya riga baki da kalma uku ko huɗu kafin karatu ya yi daɗi, wannan kuwa ba ya samuwa sai da maimaici.

Ga kuma maganar Sakkwatanci. Littattafan nan da Hausar gabas aka rubuta su, irin ta Kano da Zariya, wadda aka mayar ta zama ta makaranta. Ku kuwa a gida "mi" kuke cewa inda littafi ya ce "me", "ya zaka" inda ya ce "ya zo", "ɗiya" inda ya ce "'ya'ya". Waɗansu yara kan ji kunya, su riƙa juya kowace kalma zuwa ta gida suna cikin karatu, sai jimla ta karye a tsakiya. Waɗansu kuma, da sun rufe littafi, sai su ci gaba da Kananci ga iyayensu, kamar an ɗaga musu daraja. Duka biyu ba mu yarda da su ba. A karanta yadda aka rubuta, domin kiɗan jimlar a nan yake. In tsohuwa ta tsai da kai ta yi tambaya, ka amsa mata da Hausar da ta goya ka da ita. Hausar da aka tsara manyan waƙoƙin wa'azi da ita a ƙarni na 19 ba ta da abin jin kunya gaban ta kowa.

Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, shi ne littafin dariya. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, a hanya kuwa ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Masu nazari sun daɗe suna cewa waɗannan biyu suna da dangantaka da mutanen Muƙamar Hariri, wadda malaman zaure na Sakkwato suka sani sarai, don haka in akwai malami a gidan zai ji ƙanshin abin da ya saba. Samari suna son littafin ƙwarai. Amma mun ga dattawa suna ɓata fuska, domin gwarzon labarin ya kan yi ƙarya, ya yi shigar malanta ya ci kuɗin mutane, kuma ba kullum ne alhaki ke kama shi ba. Ban da haka ba a yanka shi dare-dare kamar Magana Jari Ce ba, tafiya ce guda mai tsawo, garuruwa na bin garuruwa har mai saurare ya manta ruwan da aka fito nema. Ya fi dacewa da ɗakin samari bisa ga tsakar gida.

Ganɗoki yana da wata alaƙa da ku wadda ba shi da ita da yaran wasu ƙasashe. Gwarzon ya yi yaƙi da Turawa tare da Sarkin Sudan na Kwantagora, kana ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, har zuwa Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi a watan Yuli na wannan shekara. Rabin farko na littafin, da kirarinsa da ƙarar dawakinsa, yana cika baki, yana da daɗin faɗa da ƙarfi. Kuma a ƙasar Sakkwato da wuya a karanta shi wani tsoho bai ce kakansa ya tsaya a Giginya ba, ko danginsu sun bi hijira ba su komo ba. In haka ta faru ka rufe littafin ka saurara, domin abin da zai faɗa ba ya cikin kowace takarda. Rabin baya kuwa, inda Ganɗoki ya faɗa ƙasashen aljannu yana karkashe dubbai, ƙarfinsa ya ragu, tun da an san ba mai iya ka da shi, ba sauran fargaba. Ku lura kuma da yadda ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya yaba. Littafi ne da ma'aikatar gwamnatin Turawa ta buga a 1934, marubucin kuma ma'aikacinta ne. Wanda ya san haka zai san yadda zai auna wannan yabo.

Sai Shaihu Umar. Wannan shi ne littafin da muka fi jin nauyinsa, kuma shi ne muka fi shakkar ba da shi ga kowane gida. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya har aka kashe shi a Janairun 1966, bai rubuta shi don dariya ba. Wani babban malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya ba su labari: yadda aka yi wa mijin uwarsa Makau sharri a fada aka kore shi, yadda aka sace shi yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, ba ta sake ganinsa ba sai gab da mutuwarta.

Harshensa ba shi da ƙyale-ƙyalen na Imam. A hankali yake tafiya, kamar mai taka rairayi, ba karin magana da yawa, ba wasa. Amma wannan sanyin murya shi ne ƙarfinsa in an karanta a fili, domin mai karatu ba ya bukatar ƙara kome, abin da ya faru ya isa. Matan gida su ne masu sauraron wannan littafi. Ba Umar suke bi ba, uwar suke bi, kuma za ka ji tsakar gida ta yi tsit ta hanyar da Magana Jari Ce ba ya sa ta yi. Masu suka sun ce marubucin ya yi wa bauta sassauci, tun da ya nuna Umar ya sami ilimi da daraja ta hanyarta, kuma ya mai da kome ga ƙaddara. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya ji labarin uwar da kunnensa ba zai tashi yana ganin cinikin mutane abu ne mai sauƙi ba, ko da marubucin bai tsaya ya la'ance shi ba. Abin da za a kiyaye shi ne, maganar bauta ba ta mutu a zukata ba, akwai gidajen da kowa ya san asalin kowa ana dai yin shiru. Kuma a shekarun nan da satar mutane ta dami ƙauyukan Sakkwato da Zamfara, labarin yaron da aka ɗauke ba tatsuniya ba ne ga wasu iyaye. Yaro ya shawarci babba kafin ya buɗe shi.

Jiki Magayi, labarin Abubakar da aka ƙwace masa Zainabu da dukiya, ya shiga duniya neman asirin da zai lalatar da ɗan kishiyarsa, littafi ne mai kyan ƙulli, ya fi sauran kama da abin da Turawa ke kira labarin zube na gaske. Amma ramuwa ce tun daga farko har ƙarshe, da sihiri da jini, ba ma son a kwantar da ƙananan yara da shi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, shi ne na yara maza 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu. Asalin gwarzon na ƙasar Rasha ne, gurgu ne da ya miƙe ya zama barde, gajere ne kuma, dare huɗu ko biyar sun ishe shi. Ku na makarantun mishan, waɗanda kuka saba jin ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka gama fassararsa a 1932, kun riga kun san tsayawa inda aya ta tsaya. In Hausa ba ita ce harshen gidanku ba, ku fara da Iliya, domin kalmominsa sun fi sauƙi, kana ku hau Magana Jari Ce.

Akwai guda ɗaya da ya rage, wanda na gidanku ne. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, kana ya tafi Kwalejin Kaduna, malamin makaranta ne tun kafin ya shiga siyasa, balle ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Yana malami ne ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, don ya koya wa yara labarin ƙasa da tarihi, garuruwa da koguna da kabilu, ta hanyar da za su riƙe. In an auna ta da ma'aunin waƙa zalla, ba za mu sa ta sahun manyan waƙoƙin wa'azi ba, akwai baitocin da jerin sunaye ne kawai aka ɗaure da amsa-amo. Kuma ƙasar da ta zana ta sake, lardunan da ta sani sun zama jihohi. Amma a tabarma tana yin abin da littattafan zube ba su yi, domin su ana saurarensu ne, ita kuwa ana karɓa. Mai karatu ya rera baiti, yara su maimaita, kafin mako ya zagayo wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta riƙe sunayen garuruwan da ba ta taɓa gani ba. Kofinta ya fi na sauran wuyar samu, sai ku tambayi tsofaffin malaman firamare na Shagari da Yabo, in ma ba su da takardar, akwai waɗanda suka haddace ta.